Kifin da Ambrose Ya Mayar wa Kogi

Tun daga lanƙwasar kogi Ambrose ya hango keken kifi yana juyawa a Gindin Dutse. Ya rage wutar injin kwalekwalensa ya zuba ido, kamar wanda ya dawo daga tafiya ya tarar da ƙato kwance a gadonsa. Manyan kwandunansa biyu suna nutsewa cikin ruwan kogin Yukon suna tasowa, ƙarfin ruwa ke tura su, kuma kusan kowane juyi sai kifi ya zame daga kwando ya faɗa akwati. Kifin kaka ne, salmon mai jan zane a haƙarƙari, wanda ke haurowa daga teku idan ganye ya fara rawaya. Keke dai yana aiki yadda ake so, sai dai ba na Ambrose ba ne. Nasa yana ɗaure a bayan kwalekwale, tun safe yake jan sa daga ƙauye.

Shekara talatin da ɗoriya yana kafa keke a wurin nan. Shi ya sari itacen rumfar shanya, shi ya kafa turakun karnuka a kan tudu, shi ya san daidai inda ruwa ke dukan dutse ya juyo baya, kifi ya raɓo gaɓa don ya huta. Kaka ɗaya tak ya yi fashi, ta bara, wadda ya ƙarar a kujerar asibitin birni yana riƙe da hannun matarsa Lucille har rai ya yi halinsa. Ba ta bar masa ɗa ba, ba ta bar masa dukiya ba. Karnukanta tara ta bar masa, masu jan amalanken ƙanƙara, har da tsohuwar jagorarsu Dolly, kuma maganar ƙarshe da ta yi cikin hayyacinta a kansu ta yi ta. Bara maƙwabta suka ciyar da su don zumunci, amma ba a yi wa mutum irin wannan sau biyu. Kowane kare kifi guda yake ci a yini, tun daga daskarewar kogi har narkewarsa. Wanda bai cika rumbunsa da kifin kaka ba, kafin tsakiyar hunturu zai ɗauki bindiga ya zagaya bayan gida wajen karnukansa, kuma kowa a ƙauyen ya san ƙarar idan ya ji ta.

A bakin gaɓa, a gaban teburin yanka da Ambrose ya ƙera da hannunsa, Cyril ne tsaye da wuƙa, jinin kifi har gwiwar hannu. Ƙanin Lucille ne, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana aikin kamfani a birni, ya dawo bana da tumbi da sabon kwalekwale.

"Mijin yaya, sannu da hanya," in ji Cyril, bai ko ajiye wuƙar ba. "Akwai shayi a kan wuta."

"Keken wa ke nan?"

"Ai ga mai shi a gabanka."

"Cyril, ba wasa ya kawo ni ba. Kwance shi, zan kafa nawa."

Cyril ya tsaga cikin wani kifi, ya kwashe ƙwan ya jefa a bokiti, sannan ya ɗago kai. "Wurin nan na babanmu ne, kai ma ka sani. Lucille ya bar wa saboda ita ke da karnuka, ni kuma ina can ina neman na kaina. Yanzu ba ta. Bara wurin ya yi kaka guda babu kowa, har mutanen ƙauyen sama sun fara leƙe. Da ban kafa ba, da yanzu da baƙo kake wannan maganar."

"Bara ina asibiti ina juya 'yar'uwarka a gado, ina goge mata baki. Kai kana ina?"

"Na zo jana'iza."

"Shan miya dai ka zo. Na gan ka, kwano biyu ka yi."

A da irin wannan maganar dariya take zama a tsakaninsu, don tun Cyril yana saurayi suke tsokanar juna. Yau babu wanda ya yi dariya. Cyril ya goge wuƙar a cinyarsa, ya sassauta murya.

"Ana ɗan samu, ba laifi. Ni kuma karnuka uku gare ni. Ka ɗaure kekenka, ka ɗauko wuƙarka mu yanka tare, ka ɗebi abin da zai ishe ka."

"In yi maka ƙwadago a rumfar da na gina? Ka tsaya a kaina kana raba mini kifi kamar mai ba da sadaka?"

"Ni ban ce haka ba."

"Riƙe tsiyarka. A ƙasa da kai zan kafa, kuma sai na kama ninkin naka. Sai na kwashe kifin kogin nan kaf kafin ya iso gare ka, ko ƙaya ba za ka gani ba."

Cyril ya waiwaya ya dubi ruwa, kamar an zagi wani babba yana kusa. Ba a faɗar irin wannan a bakin kogi. Kifi yana ji, haka tsofaffi suka ce, kuma ba kama shi ake yi ba, shi ke ba da kansa ga wanda ya ga dama. Shi ya sa ko wanda ya cika kwalekwale taf, idan ka tambaye shi sai ya ce ya ɗan samu na miya. Hutlani mutanen yankin suke kiran irin wannan, abin da ba a yi. Ambrose ya fi Cyril sanin haka nesa ba kusa ba, shi da ya taɓa korar baƙo daga wurin nan don ya ɗaga kifi ta wutsiya yana masa dariya. Amma zuciya ta riga ta ɗebe shi, baki kuwa shi ke yanka wuya.

"Janye maganar nan, mijin yaya," in ji Cyril a hankali.

Ambrose ya ja tsaki, ya fizgi igiyar inji.

A Bakin Yashi ya kafa, wurin da mai hankali ba ya kafawa. Ruwan wurin malalaci ne, ba zurfi, kuma duk gungumen da kogi ya ɗauko daga sama nan yake biyowa. Shi kaɗai ya shiga ruwan sanyi har ƙugu yana kafa shingen da ke karkato kifi zuwa kwando, kowane turke ya buga sai ya haɗa da sunan Cyril. Da ya gama, keken ya fara juyawa a kasalance, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Ran farko ya tarar da kifi biyar a akwati. Washegari uku, da tarkacen itace. Idan ya miƙe tsaye a kwalekwale yana iya hango rumfar Gindin Dutse daga nesa ta yi jawur da kifin shanya, hayaƙi yana tashi a bayanta.

Ba ƙarancin kifin ne ya fi ci masa rai ba. Shirun mutanen ƙauyen ne. Ya kai maganar kanti, inda maza ke taruwa suna shan kofi, yana jiran wani ya ce Cyril bai kyauta ba. Sai kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Wanda ya fi su ƙarfin hali ya ce, "Ai maganar cikin gida ce, Ambrose." Maganar cikin gida! Babu ɗaya a cikinsu da Ambrose bai taɓa kai wa uwarsa kifin farko ba. Babu ɗaya da bai taɓa janyo masa babur ɗin ƙanƙara da karnukan nan ba, ranar da ya mace masa a daji. A kantin nan ya gane cewa shekara talatin ba ta mayar da shi ɗan gari ba. Daga ƙauyen ƙasa ya zo da aure, kuma a idonsu aron wuri aka ba shi tare da mata, matar ta tafi, mai wuri ya karɓi abinsa. Ya ajiye kofin da ƙarfi har kofi ya fallatsa, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Kwanaki suka yi ta tafiya ba su jira fushinsa ba. Agwagin daji suka wuce kudu layi layi. Da safe sai ya kankare raɓar da ta daskare a kujerar kwalekwale kafin ya zauna. Abin da ya kamo da rana shi yake dafa wa karnuka da yamma a rabin duro, da ɗan shinkafa, kullum ruwan yana ƙaruwa kifin yana raguwa. Rumbun gungume da ke bayan gida, wanda a irin wannan lokaci ya kamata ya kai rabi, babu komai a ciki sai ganye. Kafin ya ci nasa abincin yakan gutsuri ɗan kifi ya jefa a wutar murhu, kamar yadda ake yi wa wanda ya riga mu gidan gaskiya, ya ce, "Ga naki, Lucille. Kin dai ga ƙaninki."

Wata rana da tsakar rana ya dawo daga Bakin Yashi da kifi huɗu, sai ya tarar da tsibi a mashigarsa ta bakin kogi, an lulluɓe da rassan itace don kada hankaki ya taɓa. Ya yaye rassan. Kifi ne tuli guda har ƙugun mutum, sabo fil, idonsa bai ko dushe ba. Babu kowa a wurin. Haka ake yi, mai bayarwa ya ajiye ya yi gaba, don kada ya sa mai karɓa godiya. Amma sawun hancin kwalekwale yana nan a kan yashi, mai faɗi, kuma mutum ɗaya ne a ƙauyen yake da irinsa. A kan tudu karnuka sun ji ƙamshi, sun miƙe suna jan sarƙa suna kuka.

Da Ambrose ya haɗiye fushinsa ya ɗauko wuƙa, da labarin ya ƙare a nan. Sai dai ya ɗaga kai ya ga mata biyu a ƙofar gidan maƙwabta, sun bar shanyar da suke yi suna kallonsa. Ya ji a kunnensa abin da za a faɗa a kowane gida kafin yamma: Allah sarki, Cyril mai zumunci, shi ke ciyar da mijin yayarsa. Kifin wurinsa, wanda aka kwaso a akwatin da ya kamata ya zama nasa, a kawo masa a lulluɓe kamar abincin mara lafiya. A ƙwace masa saniya, a aiko masa da ƙafa, kuma a ce ya gode.

Na saman ya fara hamɓara da takalmi. Kifin ya yi tsalle ya faɗa ruwa. Daga nan kuma bai san iyakar abin da ya yi ba, ya sa ƙafa, ya sa hannu, da ya ga ba ya sauri ya ɗauko filafilin tuƙi ya dinga turawa, yana haki yana zagi, har yashi ya koma babu komai sai santsi da jini. Jin haushin kaza ke nan, huce kan dami. Wasu suka nutse, wasu ruwa ya ɗauke su ciki sama ya bi da su gefen gaɓa. Gidan Ambrose kuwa shi ne na farko daga sama, don haka babu mashigar da kifin nan bai bi ta gabanta ba. Masu gyaran taru suka tsaya. Wani tsoho da ke zaune a kan kifaffen kwalekwale ya tashi ya juya wa kogin baya. Babu wanda ya ɗaga murya. Matan nan biyu suka kwashe shanyarsu da ba ta bushe ba, suka shiga gida suka rufe ƙofa.

Washegari da hantsi Goggo Madeline ta zo. Ƙanwar baban Lucille da Cyril ce, ta haura tamanin, tana dogara sanda, kuma duk ƙauyen babu mai bakinta. Ambrose ya jawo mata kujera ta ƙi zama. Ya zuba mata shayi ta dubi kofin ta kau da kai.

"Ba zan sha ba. Ban sani ba ko in na gama shi ma kogi za ka jefa."

"Goggo, kin san abin da ya yi mini."

"Na sani. Cyril bai kyauta ba, kuma na faɗa masa tun kafin ya kafa. Na ce ko don kunya ya je ya same ka tukuna. Kansa dutse ne tun yana yaro, nan ya gado ubansa. To amma kifin, shi me ya yi maka? Ya taso tun daga teku, bai ci ba bai huta ba, ya wuce tarun mutum dubu, ya zo ya ba da kansa, kai kuma ka sa masa takalmi."

"Sadaka ya kawo mini, a gaban mutane."

"Sadaka." Ta maimaita kalmar kamar ta tauna yashi. "Ina yarinya aka yi shekarar da kifi bai zo ba. Uwata ta tafasa mana tsohuwar fata muka sha ruwan. Ka san wa ya ajiye mana kifi a ƙofa? Mutumin da babana ya yi shekara goma ba ya gaishe shi. Muka cinye tas, har ƙashi. Da gari ya waye babana ya ci gaba da ƙin gaishe shi. Wa ya hana ka fushinka, Ambrose? Ka ci, ka ba karnuka, ka ci gaba da fushi har ka mutu. Ina ruwan kifi da rigimarku?"

Ambrose ya dubi murhu.

"Abin da ya kawo ni ke nan, don kada ka zauna kana jira. Babu mai sake ba ka kifi bana. Ba mugunta ba ce. Kowa tsoro yake kada nasa ya bi ta hannunka, a haɗa da shi a yi fushi. Mutane suna da 'ya'ya."

"Ban roƙi kowa ba."

"Kai ba ka roƙa ba." Ta nuna bayan gida da haɓa, inda sarƙoƙi ke ƙara. "Su fa? 'Yata ta raini karnukan nan kamar ita ta haife su. Girman kai rawanin tsiya, ɗan nan, kai ka naɗa, su za su ɗauki nauyin."

Ta fita tana buga sanda a katakon ƙofa. Ambrose ya ɗauki shayin da ta ƙi sha ya watsa a waje, ya ce wa kansa camfin tsofaffi ne, Bakin Yashi ne ba shi da kifi tun asali, babu ruwan kifi da jin magana. Ya faɗa da ƙarfi don ya ji da kunnensa. Amma da ya isa wurin keke ya leƙa akwati ya ga wayam, sai ya ji gabansa ya faɗi, don shi ma a kan wannan maganar aka raine shi. Kwana biyu bayan haka wani ƙaton gungume ya biyo ruwa da saiwarsa, ya shiga kwando ɗaya ya murɗe shi ya karya gatarin keken. Ya tsaya a kan ragowar yana kallo. Ko da ya gyara, ƙanƙara ta riga ta fara kama gefen gaɓa, siririya kamar gilashi, kuma kifin ya fara yankewa.

Abin da ke rataye a rumfarsa ba zai kai kare ɗaya bazara ba. Abincin kare na buhu da jirgin sama ke kawowa kuwa na masu albashi ne. Ya san haka, karnukan ne ba su sani ba.

Ranar da dusar ƙanƙara ta farko ta sauka, ya tashi da safe ya sa rigar sanyi, ya sauko da bindiga daga saman ƙofa, ya cika aljihu da harsashi, ya zagaya bayan gida. Gara yanzu da sauran tsoka a jikinsu, da a bari sai sun fara cin katakon ɗakunansu. Da suka gan shi suka ɓarke da murna, suna tsalle suna zagaya turaku, don sun ga fari a ƙasa, a saninsu yau za a ɗaura musu ɗamara a fita. Dolly kaɗai ba ta yi tsalle ba. Ta zauna a gindin turkenta, bakinta duk furfura, ta ɗaga ƙafar gaba ɗaya tana jira a zura mata ɗamara, yadda Lucille ta koya mata tun tana 'yar kwikwiya.

Ambrose ya daɗe tsaye da bindiga a hannu. Ya ji haushin Cyril, ya ji haushin mazan kanti, ya ji haushin Goggo da bakinta, ya ji haushin kifin da ke da kunnen jin zagi amma ba shi da na jin kukan kare. Har Lucille ya ji haushinta, da ta tafi ta bar shi da rai tara a wuya cikin mutanen da ba nasa ba. Ya ɗaga bindigar, hannunsa ya ƙi. Ya zagi hannun ma. Sannan ya koma ɗaki ya mayar da ita saman ƙofa, ya fito ya fara kwance sarƙoƙi.

Kogin ya yi kauri da ɓarɓashin ƙanƙara, yana gogar jikin kwalekwale yana shuu. Karnuka tara sun cika shi, sun miƙa hanci gaba, sun san hanyar. Mutanen ƙauye sun gan shi ya wuce, kuma wannan karon ma babu wanda ya ce komai.

A Gindin Dutse Cyril ya riga ya janye kekensa kan tudu, ya toshe ramukan bukka da gansakuka, don a can ya ce zai yi hunturu. Rumfar shanya ta cika har tana lanƙwasa, rumbun gungume ya cika da daskararren kifi har sama. Ambrose bai gama ɗaure kwalekwale ba karnukan suka dire, kowanne ya ruga turkensa na da, babu wanda ya ɓata. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa. Yana kan na ƙarshe Cyril ya fito daga bukka, ya tsaya hannu cikin aljihu. Yau babu mijin yaya, babu tayin shayi.

"Mene ne wannan?"

"Ka ce wurin babanku ne. To ga sauran gadon, na 'yar'uwarka."

"Ka san yadda na kwaso kifin nan?" Cyril ya zaro hannayensa ya nuna, duk sun tsattsage da sanyi. "Tun asuba nake lodi, ni kaɗai. Ban kai maka don ka gode ba, na san ba ka iya ba. Don Lucille na kai. Ka sa ƙafa, a gaban gari. Kwana uku ban iya shiga kanti ba."

"Da ka tambaye ni kafin ka kafa."

"Da na tambaye ka, za ka ba ni?"

Ambrose ya ja sarƙar da ke hannunsa ya gwada ƙarfinta. "A'a."

"To ka gani. Ranar da babanmu ya mutu wa ya tambaye ni? Kuka kafa abinku, na yi shiru shekara talatin, ina zuwa hutu kana miƙo mini kifi a leda kamar baƙo. Na taɓa jefa maka shi a ruwa?"

Ambrose ya saki sarƙar. Ya juya ya dubi Dolly, wadda ta kwanta a tsohon raminta a gindin turke kamar jiya ta bar shi. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa roƙon wani abinci ba, ga shi zai fara da mutumin da ya fi tsana a duniya.

"Ka riƙe takwas ɗin," ya ce. "Ka ba ni abin da zai kai Dolly bazara. Ita kaɗai. Tsohuwa ce, ba ta cin da yawa."

Cyril ya mayar da hannayensa cikin aljihu. Ya dubi rumbunsa, ya dubi kogi, kuma a kogin idonsa ya tsaya.

"Karnuka zan ciyar, duka taran. Su ba su zubar da komai ba. Amma kifina ba zai sake shiga kwalekwalenka ba, Ambrose. Ina da jikoki, kuma baɗi ma ina so ya zo." Ya share hanci da bayan hannu. "In kana son ganin Dolly, ka san hanya."

Da zagi Cyril ya yi, da Ambrose ya san abin da zai mayar masa. Amma ba zagi ba ne, kuma da shi ne a tsaye a wurin da cikakken rumbu, abin da zai faɗa ke nan, ko kalma ba zai canza ba. Wannan ya fi komai ƙona masa rai.

Cyril ya hau rumbun ya fara jefo kifi, kowane turke guda. Tudun ya yi tsit, sai ƙarar haƙora a kan daskararren nama. Ambrose ya gangara ya kwance igiya, ya shiga kwalekwalen da babu komai a cikinsa sai gashin kare da sawun ƙafafu. Ya ɗauki filafili, wanda ya tura kifin da shi, ya dogara a yashi. Kafin ya tura ya ɗaga kai.

"Dolly," ya kira, ba da ƙarfi ba.

Kunnenta ɗaya ya juyo wajensa. Ta danne kifin da ƙafafunta biyu, ta ci gaba da ci, ba ta ɗago ba.